Ranar da Yaya Ya Karɓi Tuƙi

Ni ɗan Sarkawa ne daga Yawuri, amma sai da na zo New York, furfura ta fara fito mini, sannan na tuƙa jirgin ruwa da hannuna. A gidanmu kowa ɗan ruwa ne ban da ni. Mahaifinmu masunci ne, yayana kuma tun yana saurayi yake ƙetarar da mutane da buhunan albasa a kogin Kwara. Ni ne auta, ni aka ware wa boko, kuma tun ranar da aka saya mini jakar makaranta aka hana ni taɓa filafilin tuƙa kwalekwale. Da mahaifinmu ya rasu Yaya ne ya riƙe ni. Shi ya fara zuwa Amurka, ya yi ta tuƙin tasi har ya samu ya jawo ni. A ɗakinsa na unguwar Highbridge da ke Bronx na yi shekarun farko, ina kwana a kan wata doguwar kujera wadda har yau bayana bai yafe mata ba.

Bayan na yi aure na koma St. George, a wani tsibiri da ke ƙetaren ruwa, saboda haya ta fi sauƙi a can. Aikina gyaran na'urorin sanyaya ɗaki ne a wani dogon gini a Manhattan, don haka kullum sai na shiga feri, babban jirgin fito, safe da yamma. Mutane suna shiga su duƙufa kan wayoyinsu, ni kuwa waje nake fita in jingina da ƙarfe. In zafi ya shigo sai ka ga ƙananan jirage masu farin ƙyalle sun fito, babu hayaƙi babu ƙara, iska kawai ke tura su, suna karkacewa kamar za su kife amma ba sa kifewa. Shekaru ina kallonsu. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da za a ce: mutumin da ya zo neman abinci, me ya haɗa shi da wasan masu kuɗi.

A waya na ga tallar wani jirgi irinsu. Wani tsohon Bature ne a kudancin tsibirinmu, gwiwoyinsa sun gaji, yana neman wanda zai karɓi jirginsa. Kuɗin da ya sa bai kai na tsohuwar mota ba. Na je na tarar da jirgin a kan tudu, an tokare shi da ƙarafa, fari ne amma farin ya koma kalar haƙoran mai cin goro. Yana da ɗan ɗaki a ciki mai benci biyu, da warin ruɓaɓɓen katako da man inji. Tsohon bai yi mini ƙarya ba, wannan zan shaide shi. Ya nuna mini tagar da ke yoyo, ya ce injin yana da hali, ya ce ƙyallen ya tsufa. Har ya ba ni shawara in kira masanin jirgi ya duba kafin in biya. Na ce a raina, ni da nake kwance inji in ɗaura kullum, wane masani kuma. Kaina yana gyaɗawa, amma kunnena bai ɗauki komai ba, don tun daga nesa na riga na saye shi. Da ya miƙo mini makullai na ga fuskarsa ta saki, irin ta wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. A lokacin na ɗauka kirki ne.

Sai bayan sayen na gane cewa kuɗin jirgi shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Jirgi ba akuya ba ne da za ka ɗaure a ƙofar gida. Sai ka kama masa turke a cikin ruwa, wata ƙwallo ce mai yawo da aka ɗaure da sarƙa a ƙasa, kuma hayarta ake biya. Turken yana tsakiyar ruwan tashar jiragen, don haka sai ka jira ɗan jirgin tasha ya kai ka, shi ma ba don Allah yake yi ba. Ga inshora, ga rajista, ga rigunan ceto, ga abin kashe gobara, ga fitilu. In sanyi ya gabato dole a ciro shi da injin ɗaga kaya kafin ƙanƙara ta matse shi, a ajiye shi a tudu, a lulluɓe shi da farar leda, tudun ma haya ne. Wato wata da watanni kana biya wa abin da ba ya motsi. In sanyi ya wuce ka kwanta a ƙarƙashinsa kana kankare wasu ƙananan katantanwa da suka manne masa, ƙurar tsohon fenti tana zuba maka a ido, sannan ka shafa sabo. Duk wani ƙusa da aka ce na jirgi ne, farashinsa ya ninka na ɗan'uwansa da ke shagon kayan gini, alhali uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Tagar nan na liƙe ta, ruwa ya koma shiga ta wata. Injin kuwa na gane abin da tsohon yake nufi da hali: yana tashi lafiya in babu kowa, in mutane sun taru a bakin tasha suna kallo sai ya ƙi. Na sha zaginsa da Hausa, da ƙarfi, har wani maƙwabcina na turke ya tambaye ni ko addu'a nake yi. Matata aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar da na dawo da shuɗin fenti har cikin kunne, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita tana jinyar tsofaffi ana biyanta, ni ina jinyar tsoho ina biya. Ta shiga jirgin sau ɗaya, yana ɗaure a turke, ta ce ya ishe ta.

Na shiga ajin koyon tuƙi na ƙarshen mako, wurin wata mata mai muryar soja. Abubuwa da yawa ta koya mana, amma biyu ne suka sha mini kai, domin sun saɓa wa duk abin da na gani ina yaro. Na farko, jirgin ƙyalle ba kwalekwale ba ne. Kwalekwale cikinsa shafe yake, ko ruwa iya gwiwa ne zai wuce, kuma in ka ga dama ka tura hancinsa kan yashi ka sauka. Wannan kuwa yana da wani ƙaton ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa, ya nutse cikin ruwa kusan tsawon ƙirjin mutum. Shi ne yake hana shi kifewa in iska ta buga ƙyalle, kuma shi ne yake hana shi kusantar gaɓa. Na biyu, ruwan teku ba ya zama wuri ɗaya. A gida Kwara tana cika da lokacinta, ta janye da lokacinta, abin watanni ne, kowa yana gani yana shiri. A nan kullum ruwa yana kawowa ya janye, ya sake kawowa ya sake janyewa. Inda ka wuce da hantsi lafiya lau, da la'asar tsuntsaye ne ke tafiya a wurin da ƙafa. Kafin in fita sai na duba waya in ga lokacin cika da lokacin janyewa. Na yi kakar zafi biyu ina fita ni kaɗai, ina kuskure ina gyarawa, har na fara jin cewa jirgin ya san ni.

Yaya ban gaya masa ba, amma a Bronx ba a ɓoye magana. A masallacinsu na Tremont ya ji. Ya kira ni yana dariya har da tari, ya ce ashe ɗan boko ya sayi jirgi, wa zai tuƙa mini. Na yi dariyar yaƙe.

A shekarar ne ciwon suga ya taɓa masa ido. Bai makance ba, da rana yana ganin komai sai dai da ɗan hazo, amma likita ya ce tuƙin haya ya ƙare, lasisin kuma ba a sabunta ba. Mutumin da ya saba fita tun asuba sai ga shi zaune a hawa na sama yana sauraron ƙarar bas. Abin da ya fi ciwon ci masa rai shi ne yadda mutane suka sauya masa. Matarsa ta koma karɓe kofi daga hannunsa kafin ya ajiye. 'Ya'yansa, waɗanda da ma da Turanci suke amsa masa, suka koma yi masa magana a hankali kamar ƙaramin yaro. A masallaci tun da daɗewa Sarkin Ruwa suke kiransa, rabi girmamawa rabi tsokana, saboda labaran Kwara da ba ya gajiya da bayarwa. A dā suna yi masa gardama, su ce kifin da ya faɗa bai kai haka ba, ya rantse, a yi ta musu. Yanzu duk abin da ya faɗa sai a ce haka ne, Alhaji. Ya rame, ya rage magana, in na je gaishe shi sai mu zauna muna kallon bango.

Abin ya dame ni ƙwarai. Na ce a raina, abu ɗaya nake da shi wanda zai iya dawo masa da kansa ko na yini guda ne. Na gayyace shi. Ya ja aji kwana biyu, sannan ya ce zai zo, amma da mutum biyu: wani Banijare mai shagon kayan masarufi, da wani mutumin Kumasi da suke sahu ɗaya a masallaci. Na gane nufinsa. Yana son waɗanda suka daina yi masa gardama su gani da idonsu.

Ranar Asabar ce, rana ta fito sosai, iska daidai. Na ɗauko su a bakin feri. Matata ta haɗa mana tukunyar dambun shinkafa da soyayyen kifi. Da muka isa jirgin Yaya ya ƙwanƙwasa jikinsa da yatsa ya ce wannan ai bahon roba ne. Rigar ceto kuwa ya ce shi ba zai sa ba, tun da aka haife shi bai taɓa ganin Basarke da ita ba. Mutumin Kumasi ne ya cece ni.

"Alhaji, ka sa kawai," in ji shi. "Police ɗin ruwa in ya gani, ticket zai ba mu. Su ba ya wasa paa."

Yaya ya sa ta a kan kaftaninsa yana tsaki. Injin, don ikon Allah, ya tashi bugu ɗaya. Muka fita daga tasha, na ja igiya ƙyallen ya hau, na kashe inji. Shirun nan da nake so ya sauka, sai ƙarar ruwa a jikin jirgi. Ban yi nisa da sandar tuƙi a hannuna ba Yaya ya taɓa mini gwiwa ya ce, "Matsa, auta." Na matsa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Abin da na yi kaka biyu ina fama da shi, Yaya ya kama shi kafin mu wuce bakin tasha da nisa. Da farko ya tura sandar ta inda ba daidai ba, jirgin ya juya, ƙyallen ya yi ta kaɗawa. Ya gyara, ya ɗaga fuska yana jin iskar a kumatunsa, ya sake gyarawa, shi ke nan. Ba ya kallon ƙyallen ma. Jirgin ya kwanta gefe ya miƙe hanya, irin tafiyar da ban taɓa samu ya yi mini ba. Na ji kishi, na kuma ji daɗi har idona ya yi zafi. Muryarsa ta dā ta dawo, wadda ake ji daga wannan gaci zuwa wancan. Ya ce in ja igiyar can, ya ce Banijaren ya koma ɗaya gefen don nauyinsa ya yi yawa, ya ce mutumin Kumasi ya daina riƙe ƙarfe kamar mai jiran allura. Banijaren yana ta ɗaukar hoto yana cewa, "Bon, Sarkin Ruwa, yau kam mun gani." Har suka fara yi masa gardama a kan girman wani kifi, ya rantse, aka yi musu. Na zauna kusa da shi ina gaya masa inda wasu jirage suke, kuma na ce a raina duk fentin da na sha ya biya.

Da azahar ta yi, Yaya ya hango wani dogon yashi da ya miƙo cikin ruwa daga gaɓa. A gida al'adar 'yan ruwa ce: in lokacin salla ya yi kuma akwai gungu kusa, wato tsibirin yashi, ba a salla a cikin jirgi. Ana tura hancin kwalekwale kan yashin, a sauka, a yi alwala da ruwan gulbi, a yi salla a miƙe sosai, a ci abinci, a ture jirgi a ci gaba. Haka mahaifinmu yake yi, haka Yaya ya yi shekara da shekaru. Ya ce ga gungu can, ya karkata sandar.

Na san wurin. Na kuma san ruwa ya fara janyewa tun kafin mu fito, don na duba da safe. Na sunkuya kusa da shi na ce, a hankali yadda ƙane yake yi wa yaya magana, "Yaya, wurin nan kamar ba zurfi, kuma jirgin yana da ƙarfe a ƙasa."

Bai rage murya ba. "Ruwa za ka koya min, auta? Ni da nis sha Kwara tun ba a haihe ka ba?"

Baƙin suka fashe da dariya, shi ma ya yi, irin dariyar da na yi wata da watanni ban ji ba. A wurinmu ƙane yana faɗa wa babba magana sau ɗaya. In ya maimaita a gaban baƙi ya zama gardama, in ya kai hannu ya ƙwace abin da ke hannun babban, wannan cin fuska ne da ba a mantawa. Ga mutumin da ya riƙe ni, ga shaidun da ya ɗauko tun daga Bronx. Na duba yashin, na duba fuskarsa. Na ce a raina ƙasan wurin laushi gare shi, in mun taɓa sai in ta da inji in ja da baya, a yi dariya a wuce. Na sassauta igiyar ƙyalle kaɗan don gudun ya ragu, na yi gum.

Ba mu kai ko kusa da yashin ba. Jirgin ya yi wani nishi daga ƙasa, ya tsaya cak, dukkanmu muka zube gaba. Tukunyar ta faɗo daga benci a cikin ɗaki, na ji murfinta yana gangarawa. Na sauke ƙyalle da sauri, na ja injin. A nan ya tuna halinsa. Kafin ya yarda ya tashi, ruwa ya ƙara raguwa, ƙarfen ya zauna daram cikin yashi. Na ba shi wuta har ya fara hayaƙi, jirgin ko gezau.

Yaya ya ce a ba shi gorar tura jirgi. Babu gora a jirgin ƙyalle. Ya yi tsaki, ya cire hula, kafin in ankara ya dira cikin ruwa da kaftaninsa, ruwan ya kai masa ƙirji. Ya sa kafaɗa a hancin jirgin yana turawa, yana ce mana mu koma baya duka, yadda ake yi wa kwalekwale in ya hau yashi. Ya tura har jijiyoyin wuyansa suka fito. Sannan ya zagayo gefe yana lalube da ƙafa don ya ji abin da ya riƙe. Ina kallonsa daga sama lokacin da ƙafarsa ta sami ƙarfen. Ya bi shi da tafin ƙafa, daga gaba zuwa baya, ya ji tsawonsa da kaurinsa. Ya tsaya haka cikin ruwa, hannu ɗaya a jikin jirgin, bai ɗago ya dubi kowa ba.

Daga nan sai kallo. Ruwa ya sauka zuwa ƙugu, ya sauka zuwa gwiwa. Jirgin ya fara kwantawa a hankali, har ya kwanta sosai a gefensa, sandar ƙyallen tana nuna gaɓa. Na ji wani abu ya yi ƙara a baya, wajen allon tuƙi da ke cikin ruwa, raina ya ɓaci amma ba lokacinsa ba ne. Na ɗauki anka, ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe jirgi, na kai ta can wajen zurfi da ƙafa na dasa, don in ruwa ya dawo kada ya ƙara tura mu tudu. Muka kwashi tabarma da abin da ya rage a tukunya muka taka zuwa yashin. Wani mai jirgin jan jirage ya matso iya inda zai iya, ya ɗaga murya ya tambaya ko akwai wanda ya ji rauni. Na ce babu. Ya ce to babu abin yi sai jiran ruwa, ya juya. Masu yawo a bakin gaɓa suka tsaya suna ɗaukar mu hoto da waya.

Muka yi alwala da ruwan gishiri, Banijaren yana tofarwa yana ɓata fuska. Da aka tsaya salla kowa ya ja baya don Yaya ya shige gaba kamar kullum. Ya kama hannun mutumin Kumasi ya tura shi gaba, shi ya tsaya a sahu, kaftaninsa yana ɗiga. Bayan an sallame baƙin suka shiga ba shi haƙuri. Suka ce ƙaddara ce, suka ce ruwan Turawa ne ba shi da tabbas, suka ce ko wane ne haka za ta same shi. Haka ne, Alhaji, haka ne. Ina ji ina ganin muryar nan ta lallashi ta dawo, na ji kamar in kwashi yashi in cusa musu a baki, alhali mutanen kirki ne kuma ba su da laifi. Da suka ga bai amsa ba, suka ce bari su taka su ga ƙarshen yashin.

Muka zauna mu biyu. Inda jirgin ya bi ya shigo, yanzu wasu fararen tsuntsaye ne ke yawo suna tsattsage. Yaya ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce abin da Kwara take yi a wata uku, wannan ya yi shi tsakanin azahar da la'asar. Na ce haka yake yi kullum. Sannan ya juyo.

"Ka san da ƙarhen nan, girmanshi?"

"Na sani, Yaya."

"Ka san ruwan tahiya shikai?"

"Na sani."

"To don mi kab bar ni?"

Na ce ai na faɗa. Ya ce wannan ba faɗa ba ne, gaisuwa ce. Na ce shi ne babba, ga baƙi, ba zan iya ƙwace tuƙi daga hannunsa ba. Raina ya fara ɓaci, don ni a ganina saboda shi na sa jirgina a yashi, jirgin da na kankare da hannuna, kuma ga shi ni ake tuhuma. Na kusa faɗin haka.

Ya ce shi ya taɓa ƙwace filafili daga hannun mahaifinmu, wata rana da ya ga za su hau dutse. Mahaifinmu ya mare shi da suka kai gaci, a gaban mutane, amma washegari shi ya ba wa bayan jirgi, wurin matuƙi. Ban taɓa jin wannan labarin ba, duk yawan labaransa. Ya ce a ruwa mutumin da kake jin tsoron ransa ya ɓaci har ka bar shi ya yi kuskure, ka riga ka cire shi daga cikin ma'aikatan jirgi.

"Gida lallashina sukai. Masallaci lallashina sukai," in ji shi. "Na aza kai ba ka cikinsu."

Har yau in na juya maganar ban ga hanyar da zan bi ranar in fita lafiya ba. In na ƙwace, na kunyata shi a gaban mutanen da ya tara. Da na bari, ga abin da ya ji. Amma shi ya san wanne ya fi so a cikin biyun, ni kuwa da nake ganin na fi kowa saninsa ban sani ba.

Muka yi la'asar a wurin. Can rana ta yi sanyi ruwa ya fara dawowa, shiru, yana cike ramukan sawunmu. Jirgin ya motsa, ya ɗago kaɗan kaɗan har ya miƙe tsaye. Muka taka zuwa gare shi ruwa iya ƙugu. Na hau na farko, na jawo baƙin, na miƙa wa Yaya hannu. Ya kama. Ɗakin ya sha ruwa ta tagar da ke yoyo, dambu ya watsu ko'ina, sandar tuƙi kuma ta yi tauri saboda allon ya lanƙwashe, amma tana juyawa. Na ja igiyar anka har muka fita zurfi, na ta da inji.

Baƙin suka zauna inda suke da farko, suka bar wa Yaya wurinsa a baya kusa da sandar. Ni ma na matsa gefe na bar masa ita. Bai zauna ba. Ya tsaya a tsakiyar jirgin yana riƙe da igiya, rigar ceto a kan jiƙaƙƙen kaftani, ya dube ni, ya yi tambayar da murya ƙasa ƙasa irin ta fasinja.

"Ina za ni zamna?"

Na ce, "Yaya, wurinka ne nan." Ya girgiza kai, yana jira. Jirgin yana ta karkata zuwa yashin kuma, dole wani ya kama sandar. Na kama, na nuna masa bencin gefe. Ya zauna, ya haɗa hannayensa a kan cinya, na juya hancin jirgin zuwa tasha.